Maƙwabtan Bayan Katanga

Rabe ya dawo daga Sin da kwalaye tara,
fitilun caji, batiran waya, takalman roba,
sai wani ƙaramin madubi mai kusurwa takwas
da ya naɗe cikin safa, ya ce wannan nawa ne.

Wai can, Baba, gida ba ya kallon kushewa.
Wai arziki iska ne, taga yake bi,
in ya iske kaburbura a bakin ƙofa
sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ƙi shiga.
Ilimin ma da sunansa, fanshuwai,
iska da ruwa ke nan da bakinsu.

Na ce iska kam ba mu rasa ta ba a Ɗanmarna,
ruwa kuwa sai Talata, in famfo ya ga dama.

Bai yi dariya ba.
Ya auna ɗakina da taku, ya ja gado gefe,
wai kada ƙafata ta miƙe wa ƙofa,
haka suke fitar da gawa.
Na ce mu nan da kai ake fara fita,
je ka sake lissafi.

Shekara talatin da ɗaya ke nan
da na sayi filin nan a araha,
mai shi yana karɓar kuɗi yana sunkuyar da kai
kamar wanda ya sayar mini da akuya mai tari.
Mu ma da namu irin fanshuwan:
kada ka nuna kabari da yatsa, in ka nuna ka ciza,
kada yaro ya leƙa katanga da almuru,
mujiya in ta yi kuka, a fara ƙirga tsofaffi.
Ta yi kuka ta gaji. Ga ni.

Maƙwabtan nan ba su taɓa aron turmi sun riƙe ba,
ba su kwararo mini ruwan wanki ƙofar gida,
ba janareto, ba rigimar iyaka.
Malam Sada kaɗai ke sallama,
ya ɗebi bokiti biyu na kwaɓin ƙasa,
ya jingine diga a zaurena
mu sha koko, ya faɗa mini wa ya riga mu.
Watan da masassara ta sauka gari
ni nake fara sani, kafin asibiti.

Ba zan ce ban taɓa jin tsoro ba.
Daminar da katanga ta zube,
ruwa ya buɗe abin da aka rufe,
na kwana zaune da carbi, ƙofa a tokare.
Da safe muka ɗauki cebur, ni da Sada,
muka mayar wa kowa da mayafinsa.

Rabe, ka ce aikin madubin
ya mayar da duk abin da ya taso daga can.
To wa zan mayar?
Taku arba'in da biyu daga bayan ɗakin girki,
ƙarƙashin bedin nan mai reshe a karye,
Tasalla ce kwance, wadda ta goya ka.
In iska ta biyo ta kanta ta shigo mini,
in ce mata ta koma?

Ya yi shiru. Ya duba agogo. Ya share ido da hula.

Na dai rataye madubin, don ya sha hanya,
amma cikin zaure, kusa da buta.
Nafi ta samu wurin sa kwalli kafin makaranta.
Da hantsi yakan kamo kan bedin
da rabin fuskata, su zauna tare.

Jiya ya bugo daga Legas:
Baba, an fara ganin canji?
Na ce ƙwarai.
Kaza ta ƙyanƙyashe bakwai,
Sada ya haƙa biyu,
ba nawa a ciki.